Almakashin Bahaguwa

Ku zauna, ku kife wayoyinku. Ke Malama da ke Auta, ku na kira. Shi kuma yayanku Babba ya zauna ya ji abin da zan faɗa a kansa, don ni ba na yi da mutum a bayan idonsa. Maganar nan da hannuna na rubuta ta, kwana uku ina yi, saboda kada gobe a ce Mama ta ƙara gishiri. Kun san rubutuna, a jikin takardun awo na koye shi ba a aji ba. In harafi ya karkace ku yi haƙuri, ita maganar a miƙe take.

Yayanku ba mugu ba ne. Ba ya sata, ba ya zagi, ba ya hana ma'aikaci hakkinsa. Aibinsa guda ne: yana son a ce masa mutumin kirki fiye da yadda yake son ya zama shi. In ya yi alheri sai ya tabbatar akwai ido a wurin. In kuma laifi ya taso, sai ya waiga ya ga wa ke tsaye kusa da shi. Na san haka sarai na miƙa masa makullin shago shekara huɗu da suka wuce, ina cewa girma zai gyara shi.

Shagon nan da keken ɗinki ɗaya na fara shi. Yau kekuna ashirin da biyu ne a jere, ga teburan yanka biyu a gaba, ga ɗakin guga a baya, ga ofishinsa mai tagar gilashi da yake hango kowa. Kayan makaranta da rigunan ma'aikata muke ɗinkawa. Duk wanda ya san sana'ar ya san ba a kan keke ake yin riga ba, a kan teburin yanka ake yin ta. In mai yanka ya kauce, tela ashirin ba za su dawo da rigar hanya ba.

Masu yankanmu biyu ne, Dogo da Bahaguwa. Dogo shekararsa uku, yana ƙoƙari. Bahaguwa kuwa shekara goma sha huɗu ke nan tana tare da mu, ni na koya mata riƙon alli. Da hagu take komai, shi ya sa sunan ya bi ta. Ban taɓa ganin ta ɓata yadi ba. Tana da almakashinta na daban da na sa aka nemo mata da ƙyar, don almakashin bahago ba irin namu ba ne, bakinsa a juye yake. In mai hannun dama ya riƙe shi, ƙarfen sama zai rufe masa layin alli ya riƙa yanka a makance, yadin kuma ya riƙa lanƙwashewa maimakon ya yanku. Kowa a shago ya san ba a taɓa shi. Mai guga, wanda ba ya rabo da tsokana, yakan ce almakashin nan ya fi wasu mazan gata, tunda kullum sai an shafa masa mai an rufe shi da ƙyalle.

Wata uku da suka wuce yayanku ya je wata bita ta kwana biyu. Ya dawo da takardar shaida da wata ƙatuwar takarda mai hoto, ya manna ta a bakin ƙofar ofis. An rubuta a jiki cewa lafiyar ƙwaƙwalwa lafiya ce kamar kowace, kuma kada kowa ya ji kunyar magana. Ya tara ma'aikata ya ce ƙofarsa a buɗe take, duk mai damuwa ya shigo, abin da aka faɗa a ofis a ofis zai tsaya. Aka tafa masa, ya sa aka ɗauki hoto. Ni da aka ba ni labari har daɗi na ji. Na ce ashe girman ya fara aiki.

Bayan sati biyu Bahaguwa ta zo min gida da la'asar. Ta gaishe ni ta zauna a bakin kujera, tana ta murza gefen mayafinta. Na ce ta faɗi abin da ya kawo ta, ni ba baƙuwarta ba ce. Sai ta faɗa min abin da ta ɓoye shekara shida. Tana da ciwon damuwa, irin mai nauyin nan da kan danne mutum ya kasa tashi daga gado alhali babu inda ke masa ciwo. Tana ganin likitan ƙwaƙwalwa duk wata, tana shan magani, kuma tunda ta fara sha take tsaye da ƙafarta. Ranar da take ce mana za ta kai mahaifiyarta awon jini, asibitin kanta take zuwa. Yanzu likita ya canza mata magani, sabon yana sa ta jiri da safe, ya ce sai jikinta ya saba, kamar wata guda. Abin da take so kawai ta riƙa zuwa ƙarfe goma maimakon takwas, ta rama awa biyun da yamma.

Ta tambaye ni ko ta ƙara ƙirƙiro wata ƙarya ne, ko ta gaya wa Manaja gaskiya tunda ya ce ƙofa a buɗe take.

Na ce, "Je ki gaya masa. Ni na haife shi, ni na tsaya miki. In maganar nan ta fita daga ofishinsa, ki zo ki kama ni."

Ku riƙe wannan. Da bakina na faɗa.

Ta je. Ta ce min ya karɓe ta hannu biyu, ya ba ta kujera, ya zuba mata ruwa. Ya ce, "Anti, kin yi jarumta. Na gode da kika yarda da ni." Ya ba ta ƙarfe goman nan take. Ta fito ranta fes, ta kira ni a waya tana sa masa albarka.

Ranar Litinin akwai taron safe da suke yi kafin a tada kekuna. Lokacin ba ta iso ba. Yayanku ya kasa haƙuri, don alherin da ba a gani ba ƙaiƙayi yake masa. Ya ce yana farin cikin sanar da su cewa shirinsa ya fara haifar da ɗa mai ido: wata daga cikinsu ta shigo ta bayyana masa lalurar ƙwaƙwalwa da take fama da ita, ba zai faɗi suna ba domin amana ce, amma za ta riƙa zuwa ƙarfe goma, kada kowa ya tambaye ta dalili. Aka sake tafa masa.

Ƙarfe goma daidai mutum ɗaya ya turo ƙofa. Kawuna ashirin da wani abu suka ɗago.

Shekara goma sha huɗu, duk wanda ya wuce ta gaban teburinta cewa yake "Sannu da aiki." Daga ranar nan gaisuwar ta canza. Kowa ya wuce sai ya sassauta murya, ya karkata kai, ya ce, "Ya jiki?" Ta ce min da na farko ya faɗa ta amsa da sauƙi, tana zaton ya ga jiri a idonta. Da na biyar ya faɗa, sai ta sha jinin jikinta. Babu wanda ya zage ta. Babu wanda ya kira ta da wani suna. Gaisuwa kawai, safe da rana da yamma. In ta yi dariya a kalli juna, in ta yi shiru a kalli juna. Ran nan ta yi wa wata faɗa don ta ajiye kofin shayi a kan yadin mutane, faɗan da ta saba yi tun kafin wasunsu su iya zira zare a allura. Sai ta ji ana raɗa a bayanta cewa a yi a hankali, yau abin ya motsa.

Duk da haka ba ta zo ta kama ni ba. Ta yi ta maza, ta ci gaba da yankanta.

Sai shugabar masu ɗinki, wadda suke kira Uwar Layi, ta shiga ofis. Ta ce wa yayanku hankalin mata ba a kwance yake ba. Ta ce kekenta shi ne mafi kusa da teburin yanka, kuma ita bayanta take ba wa mace mai riƙe da ƙarfe tsawon hannu. Da mutumin kirki ne na gaske, da ya tambaye ta a shekara goma sha huɗu wa aka taɓa yanka. Bai tambaya ba. Yana son Uwar Layi ma ta ce masa mutumin kirki.

Ya kira Bahaguwa ya ce ya lura tana gajiya, zai ba ta hutu daga teburin yanka. Za ta koma ɓangaren ninki, ta riƙa ninke riguna tana sawa a leda, albashinta ba zai ragu ba. Ya ce ta kawo almakashin ya ajiye mata a durowarsa.

Ta ce, "Ni na ce maka na gaji?"

Ya ce don lafiyarta ne.

Ta ce, "Likitana bai hana ni yanka ba. Kai wane likita ne?"

Ya yi murmushi ya miƙa hannu. Ta ɗora masa. Ta koma bayan labulen da ya raba ɓangaren ninki da ofis, babbar mai yanka tana aikin da ake ba wanda ya zo jiya.

A satin ne aikin wata makaranta ya shigo, rigunan ɗalibai masu yawa, kuma ana so kafin a koma hutu. Yanka ya rage a hannun Dogo shi kaɗai. Kwana huɗu yana yi, almakashinsa ya dakushe, mai wasa almakashi kuma ya yi tafiya. Yayanku ya buɗe durowa ya miƙa masa na Bahaguwa. Dogo ya ce ba zai iya da shi ba, ba ya ganin layi. Yayanku ya ce almakashi almakashi ne, lokaci na tafiya. Bahaguwa na jin su ta bayan labule. Ta leƙo ta ce a ba ta kwana biyu ta gama musu. Ya ce, "Anti, ki huta."

Dogo ya yanka a makance, yadi huɗu huɗu a jere. Hannuwan riguna suka fito wani ya ɗara wani, wuya ya karkace. Masu ɗinki suka ga abin, amma tunda daga ofis umarni ya fito, suka ja bakinsu suka ɗinka. Aka goge, aka ninke, aka kai.

Bayan kwana biyu shugabar makarantar ta zo da kanta, da buhu biyu a bayan mota. Ta zazzage riguna a teburin ofis, ta ɗaga ɗaya ta tambaye shi ko ɗaliban nata ya taɓa gani masu hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. Ta ce shekara tara tana kawo aiki shagon nan tun Mama na riƙe da shi, ba ta taɓa mayar da ko hula ba.

To nan ne. Laifi ya taso, yayanku ya waiga.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Mai yankanmu ce ta samu taɓin ƙwaƙwalwa, ba mu gane da wuri ba. Amma mun riga mun cire ta daga teburin."

Tsakaninsa da ita labule ne kawai. Matar da rabonta da almakashi sati uku. Mai guga yana wurin, ya kawo kaya, shi ya ba ni labari. Ya ce ta ƙarasa ninke rigar da ke hannunta, ta sa a leda, ta manne bakin, ta ɗauki jakarta. Ta bi ta tsakiyar kekuna ta fita. Wata ma har ta ce mata "Ya jiki?" a hanya.

Ranar ta zo ta kama ni. Ba ta zauna ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ce, "Mama, kin ce in zo. Ga ni."

Shekarata saba'in da ɗaya. Na yi faɗa da dillalan yadi, na yi da masu gidan haya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Abin bai tsaya nan ba. Shugabar makaranta ba muguwa ba ce, amma tana da baki kamar kowa, kuma ta san duk shagunan ɗinkin garin. Bahaguwa ta je neman aiki wuri uku. A biyu aka ce babu gurbi. A na uku mai shagon ya fito fili ya ce ya ji labarin rigunan makaranta, Allah ya ba ta lafiya. Mace mai 'ya'ya uku da tsohuwa a ɗaki, wadda sunanta kaɗai kan sa a kawo mana aiki, yau ita ce mahaukaciyar da ta ɓata kayan yara.

Shagon kuma ku je ku gani. Takardar nan mai hoto tana nan a manne, ba mai kallonta. Mai guga ya daina tsokana. Na same shi a ɗakin guga ya rame, na matsa masa, sai ya ce wata biyu ke nan ƙirjinsa na bugawa haka kawai, har ya yi niyyar shiga ofis ya nemi ranar zuwa asibiti. Ya ce, "Mama, na ga abin da aka yi wa wadda ta yi magana. Ni dutsen guga nake riƙewa, in na buɗe baki shi ma durowa za a sa shi." Dogo ya ce zai bar aikin ƙarshen wata, don ba ya iya haɗa ido da teburin da ke kusa da nasa. Makarantar ma ta kai aikinta wani wuri. Wa zai ba shagon da aka ce mahaukata ke yanka a cikinsa aiki? Ƙaryar da ya yi don ya tsira, ita ta fara cin shagon.

Na je gidan Bahaguwa na roƙe ta ta dawo. Ta ce ba ta son ƙarin albashi, ba ta son ban haƙuri a ɗaki. Abu ɗaya take so: bakin da ya faɗa ya warware. Ya je gaban shugabar makaranta ya ce ba ita ta yanka ba, shi ya ba mai hannun dama almakashin hagu. Ya tsaya gaban ma'aikata a taron Litinin ya ce ya ci amana. In ya yi, za ta koma teburinta. In bai yi ba, kada in ƙara taka ƙafata gidanta da wannan magana.

Na kawo wa yayanku. Ya ce shi bai faɗi sunanta ba a taro. Ya ce da kyakkyawar niyya ya yi komai. Ya ce in ya je ya ƙaryata kansa, mutuncin shago ya zube, kuma ma'aikata za su raina shi. Ƙarshe ya ce, "Mama, ke ba ki san irin ciwon nan ba. Mai shi ba a sakin jiki da shi."

To Babba, ɗago kanka, don abin da zan karanta yanzu ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba.

Bayan na haifi Auta, akwai shekara ɗaya da rabi da aka ce muku Mama na fama da hawan jini. Kana da shekara goma sha ɗaya, kana iya tunawa. Ba hawan jini ba ne. Ciwon Bahaguwa ne, shi ɗin dai. Nakan zauna gaban keke in kasa ɗaga ƙafa in taka. Nakan kalli jaririyata in ji kamar ta maƙwabta ce. Mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, shi ya riƙa kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, muna bi ta ƙofar baya kada a gan mu. Shekara uku ina shan magani. A cikin shekarun nan na sayi keke na biyu da na uku. Kayan makarantar da ku manyan kuka sa a lokacin duka, ina kan maganin na yanka su. Da ranar nan wani ya ce in kawo almakashina ya ajiye min, da babu shagon da kake zaune a ofishinsa.

Kuma ba zan wanke kaina ba. Da Bahaguwa ta zauna a bakin kujerata tana murza mayafi, ban ce mata ni ma na sha ba. Na tura ta ta yi abin da ni na kasa shekara talatin. Da na buɗe baki tun kuna yara, da ɗana bai girma yana ganin mai wannan ciwo dodo ba ne. Nawa laifin ke nan, na ɗauka. Ranar Litinin zan je taron safe in faɗa da bakina gaban kowa, ko ya zo ko bai zo ba.

Darasin da nake so ku ɗauka shi ne: ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne, ana shan magani a tashi a yi aiki, kuma ba ya rage wa gwani gwanintarsa. Wanda ya ce wa na ƙasa da shi "faɗa min damuwarka" ya ɗauki amana, in ya san ba zai iya riƙewa ba gara kada ya buɗe ƙofar tun farko, domin mutum ɗaya da aka tona ya isa ya rufe bakin mutum ashirin. Tausayin da ke ƙwace wa mutum sana'arsa ba tausayi ba ne, kuma mu da muka sha muka ɓoye muna da kaso a cikin zaluncin. Yanzu ke Malama, ke Auta, shagon nan na ku uku ne, ni na tsufa, kuma ina fushi, mai fushi bai kamata ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Ko yayanku ya je ya wanke matar nan a inda ya ɓata ta, ko ya ajiye makulli a kan teburin nan. Kun ji nawa, ku ji nasa, ku raba mana wannan magana kafin Litinin.